Magaryar da Aka Hana Ruwa

Duk Juma'a in aka sauko daga masallaci muka zauna shan shayin karak a unguwar Al-Sadd, ba a tashi sai ɗaya daga cikin ɗaliban nan namu ya tsokane ni. "Baba Garba, kai kam ka more. Ka shiga mota mai sanyi, ka je daji ka kalli itatuwa, ka dawo a ce ka yi aiki." Sai a kwashe da dariya, ni ma in taya su. To bana uku a cikinsu za su fara zuwa tasharmu ta bincike, kuma ni zan ɗauke su. Gara su ji yadda kallon itatuwan yake tun kafin su sayi hular rana.

Tashar tana arewa da Doha. In ka bar kwalta sai ka ƙara tafiya a kan tsakuwa har ƙugunka ya fara ƙorafi. Wurin shi ne abin da mutanen nan ke kira rauda, wato ɗan kwari a tsakiyar faƙo inda ruwa ke taruwa in an yi sama. Ƙasarsa tana da laushi, akwai magarya jefi-jefi, da wata ƙaya da suke ce wa samur. Tun kafin in zo aka kewaye rabin raudar da waya, kuma tambaya guda ce ta sa aka kafa wayar: in aka raba wurin nan da bakin raƙumi da tayar mota da hannun mutum, zai farfaɗo da kansa ko kuwa? Irin wannan tambaya ba a samun amsarta a shekara ɗaya ko biyar. Sai dai a yi ta awo, yau da gobe, a hanya ɗaya, ko da abin kallo ko babu.

Kuma tashar ba ta mutum ɗaya ba ce. Masu binciken tsirrai suna zuwa, da masu ƙasa, da masu ƙwari, da masu tsuntsaye, kowa daga makarantarsa. Duk abin da aka auna wuri guda ake zuba shi, kowa ya ɗiba. Wanda ya yi awon yau da wanda zai dogara da shi nan gaba, ba lalle ne su taɓa ganin juna ba. Su masu binciken suna gama karatunsu su tafi. Mu ne kullum muna nan, ni da mai gadi da itatuwan.

A matsayin direba na zo ƙasar nan. Ina kwana a Sanaiya, unguwar masana'antu, kamfaninmu ya ba da ni in riƙa kai masu bincike daji. In na sauke su sai in kwantar da kujera in miƙe ƙafa. Akwai wani dattijo Basudane, Ammi Usman, shi ke kula da kayan tashar a lokacin. Da ya gaji da ganin tafin ƙafata a tagar mota, sai wata rana ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Yalla ya Garba, ka ƙarasa barcin a Sanaiya. Zo ka riƙe min tsani." Daga riƙon tsanin nan ban sake komawa barcin mota ba.

Aikin farko da ya sa ni shi ne wanke ma'aunin ruwan sama. Mazurari ne a kan ƙarfe, a cikinsa akwai ɗan cokali mai baki biyu da ke kifewa duk sanda ya cika, na'ura ta ƙirga kifewar. A lokacin an yi watanni ba a ga ko ɗigo ba, sararin sama fes. Ya sa na kwance shi, na goge ƙura da burushin haƙori, na fitar da yanar gizo da kashin tsuntsu, na mayar, ya duba ya ce ya karkace, na sake kwancewa. Na ce, "Ammi, wai wane ruwan muke jira?" Ya ce, "Ranar da zai zo ba zai yi maka waya ba." Har yau duk mako sai na wanke mazurarin nan, kuma yawancin makonni ƙura kawai nake fitarwa.

Kayan aikina ba su da yawa: tef ɗin awo, filaya, sukundireba, batura, burushi, 'yan alamomin gwangwani masu lamba da ake ɗaura wa tsirrai, sai kwamfuta da nake jonawa da akwatunan na'ura in zuƙe abin da suka tara. Zafin nan yana kumbura batir har ya ƙi fita daga gidansa. Yanyawa tana son ɗanɗanon robar waya, in ta samu wadda ba a binne da kyau ba sai ta tauna. Tururuwa kuwa ba ta ga gidan da ya kai akwatin na'ura daɗi ba. Amma a duk kayan nan, wanda ya fi ba sabon zuwa haushi shi ne katako biyu. A cikin waya ba a taka ko'ina, domin fuskar ƙasar tana da siririn ɓawo mai rai, in ka taka shi sawunka zai daɗe yana nan. Hanya guda ce aka ware. In aiki ya kai ka gefe, sai ka shimfiɗa katako ka hau, ka shimfiɗa na biyu ka hau, ka juya ka ɗauko na baya. Haka za ka yi ta rarrafe da kaya a wuya, gumi yana shiga idonka, alhali abin da za ka auna ga shi can kana hango shi.

Na tuna wani babban farfesa da ya zo ziyara daga waje, da rakiya da masu ɗaukar hoto. Yana tafe a cikin waya yana cin dabino, yana jefar da ƙwallon a gefen hanya. Ammi Usman bai ce masa uffan ba har aka zo fita. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa masa leda, ya ce cikin ladabi, "Ustaz, ka manta kayanka a ciki." Farfesan nan ya koma da kansa, a kan katako, ya tsince su. Da ya fito shi ya fi kowa dariya, ya ce da ɗaya ya tsiro da an rubuta cewa dabino ya dawo raudar da kansa. A nan na fara gane dokar wurin. Ba a cirewa, ba a ƙarawa. In kuma wani abu ya faru, ko raƙumi ya karya waya, ko kai ka zame ka taka inda ba a takawa, to ka faɗa, a rubuta ranar, don wanda zai zo a baya ya san abin da ya samu awon. Ammi ya sha gaya min cewa bai taɓa ganin an kori mutum a tashar nan don ya yi kuskure ba, amma ya ga an kori wanda ya ɓoye.

Masu binciken su ne abokan cinikina, kuma kowa da halinsa. Mai ƙwari yana so in zagaya kofunan da ya binne tun rana ba ta soya abin da ya faɗa ciki ba. Mai tsuntsaye tana so kowa ya yi tsit har ta gama ƙirga, ko tari ka yi sai ta harare ka. Masu ƙasa su kuma burinsu su haƙa rami, masu tsirrai kuwa in suka ga shebur sai ka ce an zagi iyayensu. Ni ne a tsakiya. Ni ke cewa wannan ya jira wancan, ni ke tuna wa sabo cewa igiyar da ya ga an ja ba ta shanya ba ce, aikin wani ne na shekaru. Da Ammi Usman ya tsufa ya koma gida, sai ya bar min makullai da filayarsa da wannan rabon faɗan.

Sai aka yi wata shekara mai albarka. Da sanyi ya shigo aka yi ruwa, aka sake yi, raudar ta cika har ta kwana da ruwa. Bayan 'yan makonni wurin ya yi kore shar, mutanen gari suka fito da tantuna da yara. A cikin waya kuwa muka ga abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa ta: 'ya'yan magarya sun tsiro da kansu, ƙanana, birjik. Na yi kwanaki a kan katako ina ɗaura musu lamba.

A kan su ne Hajara ta zo. 'Yar Gusau ce, tana karatun digirin dakta, yarinya mai kaifin kai da saurin magana, ba ta raina aiki. Bincikenta shi ne ta bi 'ya'yan magaryar nan ta ga waɗanda za su rayu da dalilin rayuwarsu. Muka binne 'yan ƙarafa masu jin damshin ƙasa a gindin wasu daga cikinsu, muka ja wayoyinsu ta ƙarƙashin ƙasa zuwa akwati. Zafin farko ya kashe da yawa, wannan kowa ya san za a yi. Waɗanda suka rage muka sa musu ido muna jiran ruwan sanyi mai zuwa.

Ruwan bai zo ba. Hadari ya taso sau da dama ya wuce teku. Na yi ta wanke mazurari, cokalin nan bai kife ba ko sau ɗaya. Wannan ita ce shekarar da har yau in mun ce "mummunar shekarar" a tasha kowa ya san wadda ake nufi. Manyan itatuwa suka zubar da ganye, bushiya ta daina fitowa a hotunan kyamarorinmu, kofunan mai ƙwari suka koma tara yashi. Duk mako in na shiga sai na tarar da wasu lambobin suna rataye a jikin busasshen tsinke.

A cikin sanyin wannan shekarar aka kawo mana sabon mai gadi, Malam Idi, mutumin wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Ya manyanta, ya girme ni ma. Manomi ne tun tasowarsa, gadi a Qatar kuwa tsufa ne ya same shi a ciki, da iyali masu yawa a gida suna duban hannunsa. Ɗakin gadin kwantena ce a kusurwar waya, da tankin ruwa a gefe wanda tanka ke zuwa cikawa. Ranar da ya zo aka karanta masa dokoki, ni na fassara masa: kada ya shiga, kada ya bar kowa ya shiga, kada a yanki komai, kada a ba tsirrai ruwa. Ya ce ya ji. Kuma mai gadi ne na kirki, ko ledar da iska ta kawo ta maƙale a waya sai ya cire.

Da zafi ya kankama, 'ya'yan magaryar nan duk suka ƙare sai guda, wadda ke kusurwa, 'yar tazara kaɗan daga waya ta ciki. Ita kam ko a jikinta. Ganyenta kore, har sabon toho take yi. Muka riƙa ce mata ta kusurwa. Na'urar da ke gindinta tana nuna ƙasarta ta fi ko'ina damshi, Hajara ta yi ta tunanin ko akwai dutse a ƙasa da ke riƙe ruwa, ko raɓa ce ke gangarowa daga waya. Rabin rubutunta ya koma kan wannan 'yar bishiya. Masu ƙasa ma suka fara ɗibar awon suna lissafi da shi. Mu kuwa lokacin zafi doka ta hana aikin waje da tsakar rana, don haka muna barin Doha bayan sallar asuba, kafin rana ta take mun haɗa kaya mun juyo.

Wata Lahadi da hantsi ina ɗakin ajiyar kayanmu a Doha ina cajin batura, sai Hajara ta leƙo. Fuskarta ba yadda na saba gani ba.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Ta juyo min da kwamfuta. Ta ce da can jimillar kowane yini take dubawa, yau ne ta buɗe awon sa'a-sa'a. Layin damshin sauran wurare a miƙe yake. Na ta kusurwa kuwa yana tashi yana sauka kamar haƙoran zarto.

"Dubi lokutan," in ji ta. "Wannan kafin fitowar rana. Wannan bayan rana ta karkata. Wannan da yamma. Wannan bayan faɗuwarta. Na dare wani lokaci akwai, wani lokaci babu."

Ban gane ba tukuna. Sai ta matsar da layin ta sa yatsa a wani giɓi.

"Duk ranar Juma'a babu na azahar, Baba. Bishiyata tana zuwa masallaci."

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta ce, "Kuma yakan riƙe alwalar magariba har isha." Daga nan ta rufe kwamfutar. Sai na gane, don na san mutum ɗaya ne ke kwana a wurin, kuma na san motar kamfani tana zuwa ɗaukarsa sallar Juma'a.

Washegari muka tafi. Da muka isa na zagaya bayan kwantena, inda ban saba bi ba. Ga wani faffaɗan dutse a jikin waya ta waje, ga buta a gefe, ga ɗan siririn kwari da aka ja da tsinke, ya bi ta ƙarƙashin waya ya gangara har gindin magaryar. An ma yi mata ɗan gurbi a gefen da hannu ke iya kaiwa, irin wanda ake yi wa dashe.

Malam Idi ya fito yana mana sannu da zuwa. Na nuna masa dutsen na ce, "Malam Idi, nan kake alwala?"

Ya ce, "Nan ne."

"Ba a ce kada a ba su ruwa ba?"

"An ce. Ni kuwa ban ɗebi bokiti na ba ta ba, ban kuma shiga ba. Alwala nake yi. Malam Garba, kai ma ɗan gida ne. A garinmu in yaro ya tsuguna yana alwala a kan siminti ga dashe a gefe, ai sai ya sha faɗa. Ruwan da ya sauka daga hannuna, ina kake so ya tafi?"

Hajara ta ce, "Baba Idi, tun farko a nan dutsen yake?"

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "A'a, 'yata. Da can a ƙofar ɗaki yake. Ina zaune ina kallo 'yan'uwanta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kusa da ita ta bushe, sai na matso da shi."

"Ka san aikin shekara biyu ka rushe min?"

Bai sani ba. Bai san akwai wani ƙarfe a binne a gindinta ba, an binne shi tun kafin ya zo. Da na yi masa bayanin abin da ake nema a wurin, da yadda mutane da yawa suka riga suka ɗebi awon, sai ya nemi bakin tanki ya zauna. Dukanmu mun san abin da ke biye. In tasha ta rubuta wa kamfanin gadi ƙorafi, za a cire shi a ranar. Mai shekarunsa kuwa kafil, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ba ya wahalar nema masa wani wurin, tikitin gida ake miƙa masa.

Ya ce da ni a hankali, "In na mayar da dutsen, na share kwarin, wa zai sani?"

Na ce, "Na'ura ta riga ta sani. Abin da ya rage shi ne a ji daga bakinka kafin a ji daga bakinta." Na gaya masa abin da Ammi Usman ya sha gaya min. Ban yi masa alkawarin komai ba, don ba a hannuna abin yake ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai.

Shugabar tashar muna ce mata Daktora. 'Yar ƙasa ce, ta ce tun tana yarinya kakanta ke kawo ta raudar nan, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ranar da na je ɗauko Malam Idi zuwa ofishinta, na tarar ya goge kakinsa, ya kuma ɗaure jakarsa ya ajiye a bakin ƙofa. Na ce ya bar jakar, ya ce a'a, a sa ta a mota. A ofis ya tsaya, ya ƙi zama, ya faɗi komai da bakinsa, da guntun Larabcinsa, ina cike masa inda ya kasa. Daktora ta saurara har ya gama. Sannan ta juya wajen Hajara ta ce, "Ke aka yi wa ɓarna. In kin ce in rubuta wa kamfaninsu, yau zan rubuta."

Hajara ta dubi Malam Idi. Sai ta buɗe kwamfuta ta juya ta yadda shi ba zai gani ba, ta ce, "Baba Idi, yaushe ka matso da dutsen?"

Ya ce, "Ana gobe za a fara azumi. Na tuna don a ranar tanka ta zo, na ce direban ya kama min."

Ta duba. Haƙorin farko yana nan a daidai inda ya ce. Ta ce da Daktora, "Tunda an san ranar, zan iya yanke abin da ya lalace, in sa masa alama don kowa ya sani. Na baya yana nan da kyau. Kada a rubuta." Ta faɗi haka tana sane da watannin da za ta ƙara a karatun.

Daktora ta ce to, zai zauna. Amma daga yau ko ɗigo kada ya sake kaiwa gindin bishiyar nan. In ta sake ganin haƙori ɗaya a layin, khalas, shi ke nan, ba sai an kira shi ofis ba.

Na fassara masa. Maimakon ya yi godiya sai ya ce, "Ai za ta mutu."

Daktora ta ce, "Wataƙila."

Ya roƙa a bar shi ya tone ta da ƙasarta ya fito da ita waje. Ta ce ba a cirewa. Sannan ta ce, "Ya hajji, ni ma ina so ta rayu. Amma in ta rayu da butarka, za mu gaya wa mutane cewa waya kaɗai ta isa rauda ta warke. Su je su kafa waya a wasu wurare su juya baya, alhali ba gaskiya muka gaya musu ba." Ya gyaɗa kai. Muka fito, na mayar da shi da jakarsa.

Sauran zafin nan ban ji daɗinsa ba. Duk mako in na jona kwamfuta da akwatin kusurwa, sai in ji tsoron abin da layin zai nuna. Ga tanki cike da ruwa, ga buta, ga bishiya tana iya ganin ƙofarsa, ga mutum shi kaɗai daga shi sai ita har mako ya zagayo. Ya mayar da dutsen can ɗaya gefen kwantena. Bayan mako biyu na ga ya rataya buhu a tagar da ke kallon kusurwa. Ya ce min la'asar ce ta fi wuya, lokacin da ganyenta ke naɗewa, shi kuma yana tsugune da buta a hannu. Toho ya tsaya. Ganyen ƙasa suka yi rawaya suka zube.

Da aka shiga kwanakin gumi, lokacin da iskar teku ke jiƙa rigar mutum yana tsaye, sai wani mako layin ya ɗan ɗaga da asuba. Na kira Hajara tun daga cikin waya. Ta ce in turo mata na sauran akwatunan. Ina tsaye a kan katako har ta kira ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Duk sun ɗaga tare, raɓa ce." Malam Idi yana bakin waya yana kallona, ya san abin da nake dubawa. Sai ya juya ya ɗora mana shayi.

Ba a yanke wa tsiro hukuncin mutuwa a gani ɗaya, don magarya tana iya zubar da ganye duka tana da rai. Sai an ɗan kankare ɓawon da farce a ƙasa-ƙasa, in akwai kore a ciki a bar ta a layin masu rai. Na kankara wani mako na ga kore kaɗan. Na kankara na gaba na ga ya dushe. Duk fitowata yana tsaye a bakin ƙofa yana tambaya, "Yaya take?" In ce tana nan. Ranar da na kankara har gindi na tarar da itace fari ƙamas, na daɗe a tsugune kafin in tattara katakaina.

"Yaya take?"

Na ce, "Ta bushe, Malam Idi."

Ya ce, "Allahu akbar." Ya riƙe waya da hannu biyu yana kallon kusurwar. Can ya ce, "To rubuta musu. Ka rubuta da kanta ta mutu, ba wanda ya taimake ta." Haka na rubuta, kuma na ji zafin rubuta shi.

Hajara ta gama a makare, ta rubuta abin da ta gani, har da watannin butar, ba ta ɓoye ba. Tana koyarwa a gida yanzu, in ta kira ni sai ta ce a gaishe mata da Baba Idi. Tsinken yana nan a kusurwa da lambarsa, ba a cire ba. Shi kuwa Malam Idi, da sanyi ya dawo sai ya nemi izini ya shuka ƙwallon magaryar da ya tsinto a wajen waya. Daktora ta zo da kanta ta zaɓar masa wuri, can nesa, inda gangaren ke kai ruwa wani gefen. A can ya kai dutsensa. Bishiyar ta fi ni tsayi yanzu, a inuwarta ɗaliban nan za su ci abincinsu in sun zo.

Bara na kai wani ɗalibi, ɗan Kano, irinsu mai baki. Muna cikin waya ya sha ruwan gorarsa ya rage kaɗan a ƙasa, ya ga wata 'yar ƙaya a gefen hanya duk ta yanƙwane, ya karkata gorar zai juye mata. Kafin in buɗe baki sai muka ji tsawa daga bakin ƙofa.

"Kai! Shanye abinka, ko ka fito min da shi! Nan ciki ba a taimako."

Yaron ya daskare da gora a hannu. Da muka fito Malam Idi ya karɓe ta, ya taka har can nesa inda dutsensa yake, ya tsuguna ya juye sauran ruwan a gindin tasa magaryar.